Me nake yi a Damagaram? Tambayar da bazara ta yi mini

Ƙarfe biyu da rabi na dare ina zaune kan bido a bakin famfonmu ina jiran ruwa, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun bayan isha'i, fanka ta tsaya cik kamar an daka mata tsawa, yara duk sun bazu a tsakar gida kan tabarma, ƙaramar sai juyi take tana susar ƙurajen zafi a wuya, uwarsu ta jiƙa zane ta lulluɓa mata amma kafin ka ce me zanen ya bushe ƙamas. Wanda bai taɓa yin watan Afrilu a Damagaram ba ko na kwana ina mishi bayani ba zai gane ba. Rana ta dafa duwatsun garin nan tun safe, su kuma da dare sai su rama a kanmu, bango zafi, katifa zafi, ruwan buta ma sai ka sa yatsa ka gwada kafin ka kai shi jiki. Famfon kuma ba shi da lokaci, wata rana ƙarfe uku zai fara tari yana fitar da iska, ya ɗan ɗiga kamar mai jin kunya, wata rana ko tarin ba zai yi ba, ka kwana zaune a banza da safe ka bi masu kura kana roƙonsu su sayar maka da tsada.

To a irin wannan zaman ne tambayar ta same ni, ba sallama ba komai. Wai ni me nake yi a nan? A bakin famfon kam na san abun da nake yi, ina nufin duniyar gaba ɗaya. Na haura arba'in da biyar, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli a lakwal, albashi ya shigo ya fita kamar baƙon da ya ɓata hanya, ranar Lahadi in sa rigata mai kyau in je majami'a in rera waƙa in dawo. Shi kenan abun da Allah ya halicce ni domin shi? In yi ta cika bido har ranar da za a kai ni makwanci?

Na ji ana cewa a ƙasashen Turawa lokacin zafi shi ne lokacin hutu, mutum ya rufe ofis ya tafi bakin teku ya miƙe ƙafa, in mai bi ne ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya zauna ƙarƙashin itace ya yi tunani a kan rayuwarshi cikin kwanciyar hankali. Allah ya ba su lafiya. Mu namu tunanin na dole ne, zafi ne ya hana ka barci, duhu ya hana ka karatu, batirin waya ya mutu ya raba ka da Facebook, sai ya rage kai da zuciyarka da taurari. Kuma ni a ganina tunanin da aka yi da gumi yana bin baya ya fi kusa da gaskiya, don a lokacin ba ka da ƙarfin yi wa kanka ƙarya.

Amsar farko da ake ba mu yanzu tana cikin waya. Ɗan ƙanwata yana zaune wurina, ya ci Bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, shekara biyu da suka wuce, bai samu aiki ba, kullum abun kunne na kunnenshi yana sauraren masu wa'azin nan na bidiyo, masu kwat mai ƙyalli da dandamali mai fitilu kala-kala, kalma ɗaya ce a bakinsu, destini. Wai Allah ya shirya maka babban abu, wai kai gaggafa ne bai kamata ka zauna cikin kaji ba, wai duk wanda ya tsaya maka a hanya maƙiyin destininka ne. Rannan muna shan shayi da yamma ya ce mini, "Kawu, ni fa na gane, destinina ba a garin nan yake ba." Na ce a ina yake? Ya ce shi dai ko Abijan ko Kotonu, in Allah ya buɗe hanya har Faransa. Na ce to ka yi addu'a a kai? Ya buɗe waya ya nuna mini ayar da ya liƙa a fuskarta, Irmiya 29:11, inda Ubangiji yake cewa ya san shirin da yake da shi dominsu, shirin alheri ne ba na masifa ba.

Ayar nan kowa ya haddace ta, tana jikin babura, tana jikin kalanda, ana buga ta a katin biki. Amma mutum nawa ne suka taɓa komawa baya kaɗan suka karanta daga aya ta 4? Wasiƙa ce fa Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe aka kai Babila, suna can suna ƙunci, wasu annabawan ƙarya suna ta faɗa musu kwana kaɗan ya rage ku koma gida, ku ɗaure kayanku. Shi kuma ya rubuta musu ya ce ku kwance kayan, ku gina gidaje, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi alherin birnin da kuke ciki, ku yi mishi addu'a, don zaman lafiyarku yana ɗaure da nashi. Shekara 70 aka yanka musu. Wato yawancin waɗanda suka saurari wasiƙar nan a Babila aka binne su. Alkawarin aya ta 11 a bayan wannan umarnin ya zo, mu kuma mun yanke kan mun bar gangar jikin, mun ɗauki alkawari mun jefar da aikin. Da na faɗa wa yaron haka sai ya yi dariya ya ce, "Kawu ke nan, ku malamai komai sai kun kawo tarihi." Ban ji haushi ba, a shekarunshi ni ma na fi haka kunnen ƙashi.

Kuma mu ko uzurin mutanen Babila ba mu da shi, su kamo su aka yi aka kai. Mu nan aka binne cibiyarmu. E, mun yi kaɗan, ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar duka ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, a Zinder kuwa, wato nan Damagaram, in ka fitar da baƙi 'yan Benin da Togo da Najeriya masu sana'a a cikinmu sai mu ƙara ƙanƙancewa. Amma baƙi dai ba za a kira mu ba. A garin nan 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a Nijar tun 1924, lokacin Zinder ce ma babban birnin ƙasar, kafin Turawan Faransa su kwashe kujerar su mai da Yamai a 1926, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da ƙarancin ruwa, don garin a kan dutse yake zaune. Ka ji fa, shekara ɗari ke nan ƙishirwa tana yanke wa Damagaram hukunci. Hausar da nake addu'a da ita ita ce wadda ake ciniki da ita a kasuwar Dole, Littafin da ke hannuna tun 1932 yake a Hausa cikakke. Da wace hujja zan zauna a garin nan kamar fasinja a tasha?

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma ina ba kaina ita. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Ba sai na yi dogon bayani ba, wata jarida a Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci, mu da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba aka huce a kanmu. Majami'u suka ci wuta, da shaguna da gidajen wasu 'yan'uwa, da cibiyar al'adun Faransa, aka yi asarar rayuka, washegari wutar ta tsallaka Yamai. Wasu daga cikinmu a barikin soja suka kwana da 'ya'yansu cikin sanyin hunturu. Ni abun da na riƙe daga ranar nan ƙauri ne da murya. Ƙaurin tayar da ake ƙonawa, da muryar maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da goro, da ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ta baya a hankali, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ya ce, "Mushe, fito da iyalinka yanzu, kar ku ɗauki komai." Ya shigar da mu ɗakin uwargidanshi, matata aka ba ta hijabi ta sa, shi kuma ya shimfiɗa buzunshi a zaure ya zauna yana jan carbi kamar ba abun da ke faruwa. Da samari suka biyo ta layin na ji shi da kunnena yana ce musu, "Nan ba kowa sai iyalina, ku wuce." Kwana uku muka yi a gidan. Har yau bai taɓa tada zancen ba, ko da wasa.

Bayan abun ya lafa sai muka yi abun da duk wanda maciji ya sara yake yi in ya ga baƙin tsumma. Wasu suka tattara suka bar garin, ban ga laifinsu ba kuma ba zan taɓa gani ba, wanda aka ƙona wa shago a gaban idonshi ba ni da bakin yi mishi wa'azin haƙuri. Mu da muka rage muka sake gini, amma wannan karon katanga ta ƙara tsawo, ƙofa ta zama ta ƙarfe, aka sa mai gadi, aka koyi rage murya. Hankali ne wannan, ba na musu. Sai dai katangar ba ta tsaya a bulo ba, ta shiga cikin zuciya. Muka koma mu da mu, ciniki mu da mu, ziyara mu da mu, yaranmu suka tashi suna cewa "su" da "mu" da wata irin murya da ni ban taso da ita ba. Rayuwar bi ta koma yadda za mu kai Lahadi mai zuwa lafiya. In aka tambaye ka manufar zamanka sai ka ce ai mu baƙi ne a duniya, gidanmu na sama, alhali abun da kake nufi a ranka shi ne ba ruwanka da garin, ya ci kanshi.

A daren nan da nake ba ku labari, da na rasa abun yi, sai labarin Yunusa ya faɗo mini, ba wurin kifin ba da ake koya wa yara a makarantar Lahadi, sura ta 4 wadda ba a cika wa'azi a kanta ba. Mutumin nan ya gama shelar da aka aike shi a Nineba ba da son ranshi ba, mutanen suka tuba, Allah ya fasa hallaka su, shi kuma sai ya yi fushi. Ya fita gabas da birni ya yi 'yar rumfa ya zauna yana jiran ya ga ko dai wutar za ta sauko. Allah ya tsiro mishi da wani tsiro ya yi mishi inuwa, wasu sun ce irin duma ne wasu sun ce zurma, Yunusa ya yi murna ƙwarai da inuwar nan. Washegari da asuba Allah ya aiko tsutsa ta cinye tsiron ya bushe, rana ta fito, iskar gabas mai ƙuna ta taso, rana ta buge shi a ka har ya kusa suma, ya ce gara ya mutu. Ɗan Damagaram ba ya buƙatar mai fassara a nan, mun san iskar nan, ita ce mai busowa wajen azahar kamar an buɗe bakin tanda. Sai Allah ya tambaye shi, kai kana jin zafin tsiron da ba kai ka shuka ba, ba kai ka yi wahalarshi ba, dare ɗaya ya fito dare ɗaya ya mutu, ni kuma kar in ji tausayin babban birni mai mutum fiye da dubu 120 da ba su san damansu da hagunsu ba, ga dabbobi da yawa? A nan littafin ya ƙare, ba a faɗa mana amsar Yunusa ba.

Na zauna kan bidon nan na lissafa addu'o'in da na yi tun shigowar bazara. Ya Ubangiji a maido wuta. Ya Ubangiji ruwa ya zo layinmu. Ya Ubangiji albashi ya fito kafin mai gida ya zo karɓar haya. Ka tsare ni, ka tsare 'ya'yana, ka tsare majami'armu. Duk addu'ar inuwa ce. Ba laifi ba ne a roƙi inuwa, Allah da kanshi ya ba Yunusa ita. Amma yaushe rabon da in ambaci Birni ko Zango ko Garin Malam ko Kara-Kara a gaban Allah da sunansu? Yaushe rabon da in yi addu'a domin samarin nan da suka biyo ta layinmu a 2015, waɗanda wasunsu, na tabbata, sun taɓa zama a ajina ina koya musu lissafi? Na duba na ga ashe ni ma rumfa na yi a gabashin birni, ina zaune ina kallo.

Shi kuwa dattijon maƙwabcina, tun da na tare a layin nan akwai randa a ƙofar gidanshi. Babba ce, an binne gindinta cikin yashi ƙarƙashin dogon yaro, an naɗe ta da buhun algarara ana jiƙa shi safe da yamma, faifai a baki, moɗar roba ɗaure da igiya. Duk wanda ya zo wucewa, almajiri ne, ɗan kabu-kabu ne, Bafulatana mai nono ce, ɗan lakwal ne, ya tsaya ya sha ya wuce, ba a tambayarshi sunanshi balle addininshi. A bazarar 2024, wadda ba za mu manta ba, lokacin da aka auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali farkon Afrilu, mu ma nan muna ta gasuwa, azuminsu ya haɗu da namu har Ista ta faɗo 31 ga Maris a cikin Ramadan, bidon da muke saye dala biyar ya kai dala talatin a layinmu, tsohon nan da azumi a bakinshi yake sayen ruwa ya zuba a randar da shi ba zai sha ba sai magariba. Na ce mishi, "Baba, ai yanzu kowa na azumi, wa zai sha?" Ya ce, "Mushe, yara fa? Marasa lafiya fa? Ku fa?" Ya ci gaba da yayyafa wa buhun ruwa.

Kunya ta kama ni a ranar, kuma har yanzu ba ta sake ni ba, don ni ne nake da ayar a Littafina. Matiyu 10:42, Yesu ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi mutum ya ba ɗaya daga cikin ƙananan nan ba zai rasa ladanshi ba. A sura ta 25 kuma, wurin shari'ar ƙarshe, cikin abubuwan da za a tambaya har da na ji ƙishi kun ba ni na sha. Ba a ambaci yawan taron farkawa da muka halarta ba, ba a ambaci wanda ya cika destini ba. Akwai kuma abun da na daɗe ban lura da shi ba a Yohanna sura ta 4, a bakin rijiyar Samariya da tsakar rana, Yesu ne ya gaji, shi ne mai ƙishi, shi ya fara roƙon matar nan ta ba shi ruwa, alhali mutanenshi da nata ko ƙwarya ɗaya ba sa sha. Mu mun saba ɗaukar kanmu masu bayarwa, masu haske, sauran gari masu karɓa. Ni dai a tarihina ni aka ɓoye a ɗaki, ni aka ciyar kwana uku, 'ya'yana ne suke shan ruwan randar wani in sun taso daga lakwal.

Ra'ayina ke nan, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Manufar rayuwar mai bi a Damagaram tana nan Damagaram, a layin da yake, cikin mutanen da Allah ya haɗa shi katanga da su. Na faɗi haka a taron maza na ikilisiyarmu, wani dattijonmu da nake girmamawa ya ce, "Ɗana, ruwan randa ba ya kashe wutar fetur. Waɗanda suka ƙona mu ai sun sha maganinmu, sun yi karatu a makarantunmu." Gaskiya ya faɗa, ban musa mishi ba. Asibitin mishan na Galmi tun 1950 yake duba marasa lafiya ba tare da tambayar addini ba, bai hana 2015 faruwa ba. Amma in muna yin alheri ne don kar a ƙona mu, to ai inshora muke biya, kuma duk ranar da inshorar ba ta biya ba sai mu daina. Dattijon mai goro da ya zauna a zaure ranar nan wace riba yake jira daga wurina? Ba ni da ko sisi da zan ƙara mishi.

Haka kuma ban yarda a mai da ruwan ƙugiya ba. Akwai masu ba ka moɗa da hannun dama, takardar wa'azi na hannun hagu, in ba ka karɓi ta biyun ba fuska ta canza. Mutanen garin nan ba yara ba ne, suna gane tarko tun daga nesa, kuma suna da gaskiya in sun ƙi shi. Ni ban ɓoye bangaskiyata ba, duk layinmu an san ni, wanda ya tambaye ni dalilin begena zan faɗa mishi ba kwana-kwana. Amma mai ƙishi a ba shi ruwa don yana jin ƙishi. Sai kuma 'yan kamara, su ne suka fi ba ni haushi, a raba ruwan leda kwali biyu a ɗauki hoto hamsin, a tara almajirai a ce su ɗaga ledar sama su yi murmushi, a tura wa masu ba da taimako a waje. Wanda ya ce kar hagunka ta san abun da damarka take yi, me zai ce da wannan?

Kuma abun ya wuce randa, a nan ne ma nake ganin mun fi gazawa. Ruwan Zinder magana ce ta jama'a, ta kasafin kuɗi da bututu da wanda ake ba da wanda ake hanawa. In an kira taron unguwa kan famfo, ko mai unguwa ya tara mutane kan yashe kwata kafin damina, duba ka ga mu nawa ne a wurin. Sai mu ce mu 'yan tsiraru ne, bakinmu bai kai ba, gara mu yi shiru kar a ce. Alhali bidonmu da nasu layi ɗaya suke bi, sanƙarau in ya shigo da rani ba ya duba wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa majami'a. Na san wata haraba tamu da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama, ruwa har ana ba fulawa, bayan katangar kuma mata ne da jarkoki suna jiran mai kura tun asuba. Bututu guda da kan famfo biyu a waje nawa za su ci? An ce tsaro. To a sa famfon a waje, ƙofar ta zauna a rufe in haka ne, ruwa ai ba ya buƙatar ƙofa. A Oktoban 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya da motocinsu suka lalace, yawancinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, nan kusa da mu. Talauci ya kore su daga gida. Mu da muke karanta labarin Hajaratu da ɗanta a Farawa 21, yadda ruwan salka ya ƙare ta ajiye yaron ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kar ta ga mutuwarshi, wannan labarin bai kamata ya wuce mu kamar labarin rediyo ba.

Ɗan ƙanwata dai har yanzu yana kan bakanshi, kuma ba zan ɗaure shi ba. Wataƙila ma da gaske Allah can yake kiranshi, Ibrahim ai tashi aka ce ya yi. Abun da na ce mishi kawai, in a nan bai iya ganin mai ƙishi a ƙofar gida ba, a Abijan ma ba zai gani ba, zafin nema kuma ba ya kawo samu. Wani lokacin ma ina ganin abun da ke damun samarinmu, da mu kanmu, gajiya ce muke kira rashin manufa. Iliya da ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace ya ce ya isa haka a ɗauki ranshi, mala'ikan da aka aiko bai yi mishi wa'azi ba, waina da tulun ruwa ya ajiye mishi ya ce tashi ka ci, har sau biyu. Mutumin da ya yi wata biyu bai yi barcin kirki ba saboda zafi, kar ya yanke hukunci a kan rayuwarshi a watan Mayu, ya bari hadarin farko ya sauka tukuna.

A daren nan ruwan bai zo ba sai wajen huɗu saura, na cika bido shida kafin ya ɗauke. Ranar kasuwa na je na sayo randa, mai tukwanen ta ƙwanƙwasa mini ita da yatsa don in ji ba ta da tsaga, na ɗora a kabu-kabu na rungume ta kamar jaririya har gida. Matata ta dube ni ta ce, "Baban yara, mu da ba mu da na sha?" Na ce bido ɗaya a rana, mu gwada. Ta yi shiru, can kuma ita ta nemo buhun da aka naɗe ta da shi. Sati na farko aka sace moɗa sau biyu. Wasu yara in sun zo sai su wuce tamu su je ta dattijo, na ji ɗaya yana faɗa wa ɗan'uwanshi wai ta gidan kirista ce. Dattijon yana zaune a kan buzunshi ya ji su, bai ce musu komai ba, ya tashi da sandarshi ya tako har ƙofarmu, ya ɗaga faifan, ya ɗebo, ya tsuguna ya yi bisimilla ya sha a gabansu. Ya mai da moɗar ya ce, "Mushe, randarka sabuwa ce, tana ɗan warin ƙasa. Ka ƙara mata yashi a gindi, kuma igiyar nan ta yi gajere, yara ba za su kai ba."